Faɗuwa Take Yi Ko Fitowa?

A gidan adana kayan tarihi na Louvre da ke birnin Faris akwai wani zane da aka yi da fentin mai a shekarar 1639. Tsayinsa ya ɗan haura mita ɗaya, faɗinsa ya ɗara haka. Tashar jiragen ruwa ce. Ta hagu manyan gine-gine ne irin na sarakuna, sun jeru suna ƙanƙancewa har suka shige cikin hazo. Ta dama jiragen katako ne sun ja sun tsaya, igiyoyinsu sun yi saƙa a sararin sama. A tsakiya ga rana, saura ƙiris ta taɓa ruwa. Haskenta ya shimfiɗo hanya a kan teku har zuwa ƙafafun mutanen da ke gaɓa, inuwarsu kuwa ta miƙo doguwa tana nufo mai kallo. Ruwan yana ɗan motsi, kowace ƙaramar igiya da ɗigon zinariya a kanta. Ɗan allon da ke jikin bango ya ce mai zanen Claude Lorrain ne, zanen kuma tashar teku ce a lokacin faɗuwar rana.

Yawancin masu kallo sukan karanta allon kafin su ɗaga kai. An ce faɗuwar rana, ido kuwa sai ya ga faɗuwar rana: jirage sun dawo, ma'aikata sun gaji, dare na tafe. Da wani zai musanya allon ya rubuta fitowar rana, jiragen nan da ko gezau ba su yi ba sai su koma masu shirin tashi, kayan da aka ɗauka an sauke su koma waɗanda za a loda. Ba a taɓa ko ɗigon fenti ba, amma labarin ya juya baya.

A rayuwa ba wanda yake rikita asuba da almuru, domin ba ido kaɗai ke shaida ba. Jiki ya san sanyin asuba, kunne ya san carar zakara. Da almuru akwai ƙurar shanu masu dawowa, da hayaƙin murhu, da ladan. Sunayen da Hausa ta raba yini da su, tun daga alfijir, hantsi, walaha, har la'asar sakaliya da almuru, kowanne ya san abin da ya wuce da abin da ke zuwa. Shi zane ba shi da ɗazu, ba shi da anjima. Ranar da ke ɗan yatsa ɗaya sama da ruwa, a tsaye take cik, kuma ba ta faɗa wa kowa inda ta dosa.

Claude ya san wannan matsala fiye da kowa a zamaninsa, don shi ya jawo ta. An haife shi a ƙauyen Chamagne da ke yankin Lorraine a farkon ƙarni na 17, sunansa na yanka Claude Gellée, yankin nasu ne ya zame masa laƙabi. Bai yi karatu mai zurfi ba. Abokinsa Joachim von Sandrart, Bajamushen da ya rubuta tarihinsa, ya ce aikin gashin fulawa ya fara koya. Ya sauka birnin Rum yana matashi, ya yi barance a gidan mai zane Agostino Tassi, yana niƙa masa launi yana wanke buroshi, har hannunsa ya faɗa. A Rum ɗin ya rasu a 1682. Kafinsa masu zane sukan ɓoye rana a gefe, su bar haskenta kawai ya shigo ta kusurwa. Claude na cikin na farkon da suka dasa ta a tsakiyar zane, ido da ido da mai kallo, suka sa komai, daga ginshiƙin fada har ganga a bakin ruwa, ya karɓi launinsa daga gare ta. Sandrart ya ce yakan fita daji tun kafin ketowar alfijir ya kwanta yana kallon sama, ya kai har dare, yana haɗa launuka a nan take don su dace da abin da yake gani, sa'an nan ya koma gida da su.

Abin da ya samo a wannan kwanciya a ƙasa shi ne bambancin zafi da sanyi a launi. Safiyarsa takan zo da shuɗi-shuɗi da fari kamar azurfa, iska a wanke. Yammacinsa yakan zo da ruwan ɗorawa mai jan baki, domin ƙurar yini da tururinsa sun taru a sama. Zanen da ke Louvre jan nan ne ya rinjaye shi, shi ya sa sunan ya zauna masa daram. Sau da yawa Claude yakan yi zane biyu-biyu don a rataye su gefe da gefe, ɗaya safiya ɗaya yamma, kowanne yana fassara ɗan'uwansa. Wannan ma yana da abokin tafiya, zanen wani bikin ƙauye, kuma André Le Nôtre, wanda ya tsara lambunan fadar Versailles, shi ya ba Sarki Louis na 14 su biyun a 1693.

Fentin mai ne ya ba shi damar wannan aiki. Garin launi ake niƙawa a kwaɓa da man 'ya'yan wani tsiro da Turawa ke saƙa da zarensa, ko man gyaɗar bishiya irin ta ƙasarsu. Wannan mai ba ya bushewa ta hanyar ƙafewa kamar ruwa; iska yake sha a hankali har ya daskare, abin da kan ɗauki kwanaki ko makonni. Jinkirin nan shi ne arzikin mai zane. Yana iya narkar da launi cikin launi har a rasa inda shuɗi ya ƙare, inda ruwan ɗorawa ya fara, sa'an nan idan ya bushe ya ƙara shafa wani siririn rufi wanda haske ke ratsawa ya dawo. Shuɗin da Claude ya fi so daga wani dutse ake samunsa da ake haƙowa a Badakhshan ta ƙasar Afganistan, kuma yana cikin launuka mafi tsada a kasuwar lokacin. Sararin saman tashoshinsa, ashe, ya ratso hamada da teku a buhun fatake kafin ya hau bango.

Tashar kanta ba ta taɓa wanzuwa ba. Claude yakan ɗebo gine-ginen Rum, birnin da ke nesa da gaɓa, ya dasa su a bakin teku. A wani zanensa na 1637 da ke gidan Uffizi a Florence, fadar Medici, wadda a zahiri take bisa tudu a tsakiyar Rum, ga ta nan igiyar ruwa na lasar matakalarta. Masu kuɗin da ke sayen aikinsa, Fafaroma Urban na 8 da manyan limaman coci da sarkin Sifaniya, ba taswira suke nema ba. Kasuwarsa ta buɗe har masu kwaikwayo suka yi masa yawa, sai ya buɗe littafi wajen 1635 yana sake zana kowane aikin da ya bar hannunsa, a bayan takardar kuma yakan rubuta wanda ya saya ko garin da aka kai shi. Littafin, mai zane 195, yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan. Abin lura shi ne, sunan mai saye ne ya fi damunsa, ba sunan zanen ba. A wancan zamani ba kasafai mai zane ke raɗa wa aikinsa suna ba. Dillalai da magada da masu rubuta kundin kaya ne suka riƙa yin wannan daga baya, kuma yawancin sunayen da ake karantawa yau cikin girmamawa daga alƙalaminsu suka fito.

Sau ɗaya dai ya yi rubutun da ya fi ƙarfin zanen. A 1648 ya yi wa Duke na Bouillon, kwamandan sojan Fafaroma, wata tashar da ta fi ta Louvre girma, faɗinta ya kusa mita biyu. Rana a tsakiya, fada ta dama, rusasshen gini ta hagu, 'yan dako na cicciɓar akwati zuwa cikin kwalekwale. Can a kan matakala, ƙanƙanuwa har sai an matso kusa, wata mace ce da kambi da shuɗin mayafi, jama'a na biye da ita. Ba abin da zai sa a san ko wace ce, sai wasu 'yan kalmomin Faransanci da Claude ya rubuta a jikin dutsen matakalar, masu cewa sarauniyar Saba ce za ta wurin Sulaiman. Bilkisu ke nan, wadda kowane ɗan makarantar allo ya san labarinta da alhudahuda da gadon sarautarta. Littafin Sarakuna na Baibul, inda Claude ya samo labarin, da raƙuma ya ce ta iso Ƙudus. Shi kuwa tasha ya iya zanawa, sai ya ba ta jirgi. Layi ɗaya na rubutu ya mayar da hada-hadar 'yan dako ta zama mafarin wata babbar tafiya, kuma tunda tafiya ce za a fara, kowa ya yarda safiya ce.

Wannan zane na cikin guda 38 da gwamnatin Ingila ta saya a 1824 daga tarin attajiri John Julius Angerstein, waɗanda da su aka kafa gidan zane na ƙasa a Landan. A nan ne wani abu ya same shi da ya nuna ko launin ma ba a dogara da shi ɗari bisa ɗari. Idan an gama zanen mai, akan shafa masa banish don ya kare shi ya kuma yi sheƙi. Banish ɗin yakan tsufa ya koma ruwan ƙasa, kamar yadda hayaƙi ke rina azarar ɗakin girki shekara bayan shekara ba wanda ya lura. Landan ta ƙarni na 19 kuwa gari ne na hayaƙin gawayin kwal, kuma masu kula da gidan sun riƙa shafa wani haɗin banish da mai wanda ke saurin duhu. Safiyar Bilkisu ta yi ta nitsewa cikin ruwan zuma, jama'a kuma suka saba, suka ɗauka haka Claude yake. A 1852 aka wanke zane tara, har da wannan. Da mutane suka ga shuɗi da fari sun fito, sai aka yi ca a jaridu cewa an fere zanen, an kwashe masa zinariyarsa. Maganar ta kai majalisar dokoki ta kafa kwamiti a 1853 ya yi ta sauraron shaidu. Masu ƙorafin ba a kan banza suke ba, domin wankin wancan zamani yana iya cin fenti. Amma wani ɓangare na abin da suke kuka a kansa dattin da suka ƙaunata ne.

Haka ta faru da babban zanen Rembrandt na 1642 da ke Amsterdam. Duniya ta san shi da sunan masu gadin dare, alhali da rana abin ya faru. Duhun banish ne ya jawo sunan wajen ƙarshen ƙarni na 18, kuma ko da aka wanke shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu hasken rana ya bayyana, sunan bai motsa ba.

Son almuru ya kai Turawan Ingila ga wata al'ada mai ban mamaki. A ƙarni na 18 matafiya masu yawon buɗe ido sukan riƙe ɗan madubi mai duhu, mai ɗan tudu a tsakiya, wanda aka laƙaba wa sunan Claude. Idan sun isa wuri mai kyan gani sai su juya masa baya, su ɗaga madubin, su kalli tafki da duwatsu a ciki sun ƙanƙance sun yi launin yamma. Mawaƙi Thomas Gray ya yi yawo da irinsa a yankin tafkunan arewacin Ingila a 1769. Da tsakar rana ma almuru suke so su gani.

Shari'ar da ta fi kowace daɗewa a kan wannan tambaya ta wani ƙaramin zane ce, santimita 48 da 63. Claude Monet ya tashi a Le Havre, tashar da ke bakin kogin Seine, kuma daga tagar wani otal da ke kallon ruwa ya zana ta: hazo mai shuɗi-toka, inuwar bututun hayaƙi da injinan ɗaga kaya, kwalekwale biyu ko uku, da jar rana kamar an ɗiga ta da yatsa. Da za a baje shi a Faris a watan Afrilun 1874, aka nemi suna don kundin baje kolin. Monet ya ga zanen bai isa a kira shi hoton Le Havre ba, sai ya ce a sa Impression, wato abin da ya faɗo wa ido a kallon farko, aka ƙara da fitowar rana. Wani ɗan jarida, Louis Leroy, ya ɗauki kalmar ya yi musu ba'a da ita a jaridar Le Charivari, ba'ar kuma ta zama sunan da tarihi ya san Monet da abokansa da shi.

Rabin sunan na biyu ne ya yi ta tangal-tangal. Ernest Hoschedé ya sayi zanen faran 800 a 1874. Da ya karye aka yi gwanjon kayansa a 1878, zanen ya tafi a faran 210, kuma a takardar gwanjon faɗuwar rana aka rubuta. Shekaru da dama sunayen biyu suna ja-in-ja, har wasu masana suka ce ba a 1872 aka yi shi ba duk da lambar 72 da Monet ya sa kusa da sa hannunsa. Sai a 2014, lokacin da gidan Marmottan da ke riƙe da zanen ya shirya baje koli a kansa, wani masanin taurari na jami'ar jihar Texas, Donald Olson, ya zauna da tsofaffin taswirorin tashar, da jadawalin cikar teku da janyewarsa, da rahotannin yanayi na lokacin. Tagar otal ɗin kudu maso gabas take kallo. Manyan jirage ba sa shiga wannan mashiga sai teku ya cika. Hayaƙi ya karkata yadda iskar gabas ke karkatar da shi. Da ya tace ranakun da duk waɗannan suka haɗu da hazo, wadda ta fi dacewa ita ce 13 ga Nuwamba 1872, wajen ƙarfe 7:35 na safe. Kalma ɗaya a takardar gwanjo ta ɗauki shekara 136 kafin lissafin taurari ya kwance ta.

Akwai kuma inda mai zane da kansa ya zaɓi almuru ko da taswira ba ta yarda ba. J. M. W. Turner ya girma yana kishin Claude, kishin almajiri da malamin da bai taɓa gani ba, har ya bar wasiyya cewa a rataye zanensa biyu kusa da na Claude biyu, ɗayansu na Bilkisu, kuma har yau gidan zanen Landan na cika wannan wasiyya. A 1839 ya baje zanen Temeraire, jirgin yaƙi mai igwa 98 da ya yi suna a yaƙin Trafalgar na 1805. A Satumban 1838 aka jawo shi daga Sheerness zuwa Rotherhithe a kogin Thames don a farfasa shi a sayar da katakon. A zanen, tsohon jirgin fari fat kamar fatalwa, wani ƙaramin baƙin jirgi mai injin tururi na jansa yana aman wuta, ruwa kwance kamar faranti, rana ja tana bayansu ta dama. Masu bin diddigi sun daɗe da nuna cewa jirgin yamma ya nufa, don haka ranar da ke bayansa a gabas take. Sun kuma nuna cewa jirage biyu ne suka ja shi, kuma an riga an cire masa turakunsa kafin tafiyar. Turner ya mayar masa da turakun, ya rage jirgi ɗaya, ya sa jinjirin wata a sama ta hagu, a inda duk wanda ya taɓa fita duban watan azumi ya san ana ganinsa bayan faɗuwar rana. Yana nufin ƙarshe ne, ƙarshen jirgin da ƙarshen zamanin tafiya da iska, ƙarshe kuwa a wurin ɗan Adam da yamma yake zuwa. Nan ba laifi a bi mai zane a bar taswira, tunda shi ya sa shaidarsa a cikin zanen da hannunsa. Ya ƙi sayar da shi har ya rasu a 1851. A 2005 masu sauraron rediyon BBC suka zaɓe shi zanen da ya fi kowanne a ƙasar, kuma tun 2020 yana jikin takardar fam 20.

Kalma ta biyu da ake liƙa wa irin waɗannan zane-zane ita ce kwanciyar hankali, kuma ita ta fi bukatar a bincike ta. A koma gaban zanen Louvre a sauke ido daga rana zuwa gaɓa. Ta hagu wasu na zaune a kan kayansu, ɗaya na kaɗa molon Turawa. A tsakiya kuwa, daidai inda hanyar hasken ta ƙare, mutum biyu ne suka sarƙe da faɗa. Claude ya sa su a wurin da ba za a ce ɓoye su ya yi ba, amma mutum na iya tsayawa minti goma gaban zanen bai gan su ba, saboda rana ta tafi da idonsa, allon bango kuma bai ambace su ba. An ruwaito cewa shi kansa yakan ce filin yake sayarwa, mutanen ciki kyauta yake bayarwa. Masu kallo sun ɗauki maganar da gaske fiye da kima.

Ruwan ne ya kwanta. Tasha kuwa wurin aiki ce, kuma tashoshin Bahar Rum na zamanin Claude ba kowa ne ke aiki a cikinsu da son ransa ba. Dogayen jiragen yaƙi da ake tuƙawa da hannu, na Fafaroma a Civitavecchia, na Naples inda Claude ya zauna yana saurayi, na Marseille, fursunoni da kamammun yaƙi ne ke jan filafilansu, a ɗaure da sarƙa jikin benci. Da yawansu Musulmi ne daga arewacin Afirka da daular Usmaniyya, kamar yadda a ɗaya gaɓar, a Aljiyas da Tunis, Kiristoci kamammu ke irin wannan bauta. A tashar Livorno har yau akwai gunkin Ferdinando na ɗaya na gidan Medici a tsaye, a ƙarƙashinsa mutum huɗu na tagulla a ɗaure hannu baya, ɗayansu baƙar fata ne ƙarara. Pietro Tacca ya ƙera su tsakanin 1623 da 1626, shekara goma sha kaɗan kafin zanen Louvre. Le Havre ta Monet ita ma, kafin ta zama tashar auduga da kofi, tana cikin manyan tashoshin Faransa da jiragen cinikin bayi ke tashi daga cikinsu, tare da Nantes da Bordeaux da La Rochelle.

Faɗin wannan ba ya rage wa hasken Claude komai. Wanda ya tsaya gabansa ya ji ƙirjinsa ya buɗe, gaskiya ya ji, kuma mutumin da ya kwana a ƙasa yana koyon launin sama ya cancanci wannan. Sai dai mai karatu daga Afirka yana da dalilin da zai sa ya tambayi abin da ke cikin jirgin kafin ya yarda da kalmar da aka rubuta a ƙarƙashinsa.

Turner ya yi wannan tambaya, shekara ɗaya tak bayan Temeraire. A 1840, shekarar da aka yi babban taron yaƙi da bauta na duniya a Landan, ya baje wani zanen faɗuwar rana a teku. Ja da ruwan ɗorawan nan ne dai, ranar nan ce dai a tsakiya, gadon Claude. Amma ya ba shi dogon suna da ba ya barin kowa ya kauce: masu fataucin bayi na jefa matattu da masu mutuwa cikin teku, guguwa na tafe. Masana da yawa na danganta shi da abin da ya faru a jirgin Zong a ƙarshen 1781. Jirgin na wasu 'yan kasuwar Liverpool ne, ya baro gaɓar Afirka ta Yamma da mutum 442, ya ɓata hanya kusa da Jamaika, ma'aikatansa suka jefa fiye da mutum 130 cikin ruwa da ransu. Masu jirgin suka nemi kamfanin inshora ya biya su fam 30 kan kowane mutum. Da maganar ta je kotu a 1783, a matsayin rigimar asarar kaya ta je. Olaudah Equiano, wanda shi kansa ya taɓa zama bawa, shi ya kai labarin ga Granville Sharp, Sharp ya yi ta fafutukar a tuhumi ma'aikatan da kisan kai, ba a gurfanar da ko mutum ɗaya ba.

Ko da wannan suna a jikin zanen Turner, ido ya so ya zame. John Ruskin, babban mai sharhin zane na Ingila, ya yi wa zanen dogon yabo a littafinsa na 1843, ya ce ba a taɓa zana teku kamarsa ba, ya bi launin ruwa da na gajimare ɗaya bayan ɗaya. Batun cewa jirgin bayi ne kuma mutane ake jefawa, a ɗan ƙaramin bayani na ƙasan shafi ya sa shi. Mahaifinsa ya saya masa zanen, Ruskin ya zauna da shi a gidansa shekaru masu yawa, daga baya ya ce abin da ke ciki ya yi masa nauyin da ba zai iya ci gaba da zama da shi ba. A 1872 ya sayar wa wani attajirin New York, John Taylor Johnston, kuma tun 1899 zanen yana gidan zane na Boston. Wanda ya karanta sunan duka kafin ya ɗaga kai, ba a kan rana idonsa ke fara sauka ba. Ƙasa yake bi, inda hannaye ke fitowa daga ruwa, sarƙoƙi na yawo a sama, kifaye da tsuntsaye sun taru, kuma a kusurwar dama ƙafar mutum ɗaya ta ɗago da mari a idon sawunta.